Wanda Zai Riƙe Zoben

A ƙaramin siliman unguwarsu a Brooklyn suka haɗu. An gama nuna wani tsohon fim na 'yan mafiya, sai Nunzia, wadda ta karanta tarihin fim a jami'a, ta tsaya gaban allo ta ce irin waɗannan finafinan ne suka koya wa makasa saka kwat da magana ƙasa-ƙasa. Rabin zauren suka fice.

Gaetano mai kunna na'urar fim ya sauko yana murmushi.

"Farfesa, kin kore mana 'yan kallo. Ai kullum jarumin a kwata yake mutuwa."

"Mutuwar ta minti biyu ce," ta ce, "kwalliyar kuwa ta awa biyu."

Musu ya zama hira, hira ta zama so. Yana ɗauko mata tsoffin faifai daga sito, tana nuna masa inda masu tace fim na da suka tilasta a kashe ɗan ta'adda don jama'a su ji tsoro. Ita kuwa ba a fim ta koyi tsoro ba. Tana yarinya mutanen Saverio, shugaban 'yan mafiyan unguwar, suka ƙona gidan burodin mahaifinta, Pasquale, don ya ƙi sayen fulawarsu. Gaetano kuma ɗan ƙanwar Saverio ne.

Da Pasquale ya ji labarin soyayyarsu, ya daina cin abinci a teburi ɗaya da ita. Ta jure, ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta kuma fasa ba.

Sai Saverio ya aiko cewa shi zai riƙe musu zobe ranar aure. Kowa a unguwar ya san wanda ya riƙe zobenka ya zama uban gidanka har kabari, ba ka ce masa a'a. Gaetano ya ɓace mata mako guda. Ta ɗauka ya amince, ta tura masa saƙo:

"Tano, ina sonka, amma ba zan haifa wa kawunka yaran aike ba. Ka zaɓa."

Washegari amsa ta zo:

"Farfesata, na riga na zaɓa. Ki zo asibiti, kada ki tsorata da fuskata."

Ashe har kulob ɗin kawun ya je, ya ce masa a'a a gaban mutanensa. Suka lakaɗa masa duka, haƙarƙarinsa biyu suka karye. Mai silima ya sallame shi, mahaifiyarsa ta daina ɗaga wayarsa.

Ta zauna gefen gadon ta riƙe hannunsa.

"Wawa, me ya hana ka faɗa mini?"

"Da kin bi ni kin yi musu lacca. Da yanzu gado biyu muka kama."

Ranar auren, cocin fayau, maƙwabta duk sun ji tsoron a gan su. Da limamin cocin ya tambayi wanda ke riƙe da zobe, Gaetano ya zaro shi daga aljihunsa da kansa.

Bayan an gama ne Nunzia ta hango mahaifinta a bencin ƙarshe. Ya taso a hankali, ya daɗe yana duban kumburin fuskar angon, sannan ya sumbaci goshinsa.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana," ya ce. "Motata na waje. Ku ɗauka ku tafi, kada ma ku faɗa mini garin."