Wanda Ya Ga An Raba Goron

Ana kiran sallar magariba, Iya Ashatu tana tsugune tana kwashe tuwo, sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano. Ta ɗauka yaran unguwarsu ta Sabo ne da rashin jinsu. Na biyu kuwa a tsakar ɗaki ya faɗo, ƙofa a rufe. Ta tsinta, ta jujjuya. Ɓarin siminti ne, da ɗumi kamar daga murhu aka ciro shi.

Daga ranar gidan bai ƙara ganin magariba lafiya ba. In jifa ya lafa, sai a ji ƙarar adda a bayan gida, inda ciwon gwiwa ya daɗe da hana Iya zagayawa. Ɗanta Manniru ya riƙa cewa gidan ya lalace, gara su koma Akinyele, can bayan gari. Ta ce masa gawarta ce za ta koma.

Surukinta, mahaifin mijinta, bafataken goro, shi ya gina gidan. Yarabawa masu ƙasar da baki suka ba shi filin. Aka raba goro, aka dasa peregun, itacen da suke shata iyaka da shi, aka ce muddin yana tsaye wurin na zuriyarsa ne, maza da mata, ba na sayarwa ba. A gindinsa Iya ta binne cibiyar 'ya'yanta duka.

Ran wata Alhamis jikarta Muhibbat, 'yar Manniru, ta faɗi da buta a hannu. Da ta ɗago, idanun ba nata ba ne.

Aka kira Malam Nu'uman. Ya zauna a tabarma, ya yi ta karatu a kunnenta har duhu ya rufe tsakar gidan. Can yarinyar ta yi magana da muryar tsoho, a shaƙe. Mai muryar ya ce shi ba baƙo ba ne, ya riga kowa zama a nan. A gindin peregun yake, yana kallo aka raba goron.

Malam ya ce masa ya ji tsoron Allah ya saki yarinya.

"Zan sake ta. A mayar mini da itacena."

"Wa ya taɓa shi?" in ji Iya.

"Ashatu, tambayi wanda ya kawo masu awon fili. Sun sare, sun kafa turken siminti a kan cibiyarsa."

Iya ta juya ta dubi ɗanta. Manniru ya sunkuyar da kai. Ya ce hukuma ba ta san goro ba, takarda ta sani; da bai yi takardar filin da sunansa ba, da wani ya riga shi. Ta tambaye shi ina sunan ƙannensa mata. Babu su a takardar. Malam ya ce to a dasa wani gobe. A nan ne Manniru ya ce bayan salla masu ginin shaguna za su zo, ya riga ya sa hannu.

Muryar ta yi 'yar dariya. Ta ce in haka ne babu sauran ciniki, zai tafi.

Iya ta rarrafa da gwiwoyin nan nata ta kama rigar Malam.

"Malam, kada ka bari ya tafi. Duk waɗanda suka ci goron sun mutu. Shi kaɗai ne shaidana."

Malam ya ce a hankali, "Hajiya, kotu ba ta rantsar da aljani."

"Ni ina da dajin da zan koma," in ji muryar. "Ke fa, Ashatu?"

Muhibbat ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta nemi ruwa.

Washegari da magariba Iya ta ja kujera har bayan gida, ta zauna kusa da kututturen. Manniru ya zo ya durƙusa, ya ce, "Iya." Ba ta dube shi ba. Kunnenta na kan rufin kwano, ko za a jefo ko da tsakuwa ɗaya ce. Har aka kira isha'i ba a jefo ba.