Hoton Inna Kande

A shekarar 1984, wadda ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, akwai wani gida a Tsamaye mai mutum uku: Malam Attahiru manomi, da matarsa Kande, da autarsu Tasalla. Rumbu ya kusa ƙarewa, rijiya ta koma taɓo. Amma abin da ya fi ci musu rai shi ne rashin Wada, ɗan farin gidan, da ke aikin gadi a Fatakwal shekara biyar bai zo ba. In ya baro aikin, su ne za su rasa na sawa a baka.

Da Wada ya ji Inna Kande ta kwanta ciwo, kuma ciwon ya yi nauyi, sai ya aiko da wata tsohuwar ƙaramar kyamara da maigidansa ya ba shi, da fim biyu, da 'yar takarda: "Tasalla, ki ɗauko mini fuskar Inna. Na fara mance kamanninta, abin yana ba ni tsoro."

Inna ba ta taɓa yin hoto ba. Ita kuwa kyamarar, zoben bakinta da ake murzawa don hoto ya fito tar, ya kafe, ko motsi ba ya yi.

Ran kasuwar Sabon Birni Tasalla ta bi gwaggonta, aka nuna mata teburin mai gyaran agogo a gindin dogon yaro. Sunansa Kalilu, mutumin garin Isa.

"Sannu da aiki, Mai Agogo. Kana iya gyaran wanga abu?"

Ya ɗago kai, gilashin gyara maƙale a idonsa. Ya cire shi sannu a hankali, ya tsaya yana kallonta har ta sunkuyar da kai.

"Na wane ne?"

"Na yayana. Innarmu za ni ɗauka, ba ta da lafiya."

"Ƙaramin aiki ne. Tsohon giris ne ya bushe ciki kamar ƙaro. In wanke da fetur, in sa sabo, shi ke nan."

Bayan kwana biyar ya kawo ta Tsamaye da kansa a kan keke, zoben yana juyawa lafiya lau. Daga ranar keken ya san hanyar gidan. Yakan zo bayan la'asar, su zauna bakin zaure. Ba shi da yawan magana, ita ma haka, amma shirunsu bai taɓa yi musu nauyi ba.

"Ta Inna," in ji shi wata rana, don haka yake kiranta, "tun da kinka zo teburina agogunan mutane sun bar tafiya daidai."

"To ka daina ɗora mini laifi, Mai Agogo, ka riƙa duban aikinka."

Da kawun Kalilu ya zo nema masa izinin aurenta, Malam Attahiru ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Bana wa ke duban agogo? Kowa sama yake duba. Yaro ba gona, ba rumbu. Ban ce a'a ba, amma ban ce i ba." Kowa ya san hankalinsa ya fi kwanciya da Bawa, ɗan ƙanensa da ke garin Burkusuma, mai babur, wanda bai taɓa zuwa gidan hannu rabbana ba.

Tasalla ta zaunar da Inna a tsakar gida, ta ɗaura mata kallabin salla, ta ƙarar da fim guda. Aka ba direban motar kasuwa ya kai Sakkwato a wanke. Sai da aka yi mako uku hotunan suka dawo.

Ta buɗe ambulan, ta duba su ɗaya bayan ɗaya. A kowane hoto fuskar Inna ta zama kamar hayaƙi, ba ido, ba baki. A cikin makonni ukun nan kuwa Inna ta daina iya zama sai an tallafe ta.

Bawa ya duba, ya girgiza kai cikin tausayi. "Hannunki ne ya yi rawa, ƙanwata. Wanda bai ƙoshi ba ina zai riƙe abu tsaye?"

Ta yarda. Ta shiga ɗaki ta yi kuka, sannan ta rubuta takarda ta sa hoto guda a ciki.

"Mai Agogo, ka yi aikinka, ni na ɓata. Hannuna ya yi rawa. Fim ɗaya ya rage, kuma ina tsoron taɓa shi. Ka yi mini addu'a. Taka, Ta Inna."

Amsa ta zo bayan kwana biyu.

"Ta Inna, ba hannunki ba ne. Dubi dangar da ke bayan Inna, kowane kara ya fito ana iya ƙirga shi. Da hannu ne ya yi rawa, har dangar za ta dushe. Laifina ne. Ban taɓa buɗe kyamara ba sai taki, na ji kunyar faɗa miki. Bututun da ke riƙe gilashin yana da mashiga shida, ana yin alama kafin a kwance shi, ni ban yi ba. Na mayar da shi ta inda ya shiga, zuciyata tana gaya mini in gwada, na ƙi, don ina gaggawar ganinki. Ki karanta wa Baba wannan takarda. In an yarda, za ni zo in sake. Kalilu."

Ta karanta sau uku. Fushi ya taso mata irin wanda ba ta san tana da shi ba. Mako uku na rayuwar Inna! Ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin tabarma. Can kuma ta ciro ta, domin ta ga da ya yi shiru, da har abada kanta za ta riƙa zargi. Ta kai wa mahaifinta, ta karanta masa ba ta tsallake kalma ba.

Malam Attahiru ya ce, "To kin ji. Bawa shi kai ta Sakkwato wurin masu ita."

Daga cikin ɗaki muryar Inna ta fito a raunane. "Malam, ku bar yaron shi sake. Ba wanda ya tambaye shi, shi ya faɗi."

Kalilu ya zo da safe, ya durƙusa ya gaida Malam, ya shimfiɗa farin ƙyalle a zaure. Tasalla ba ta gaishe shi ba, shi ma bai nemi ta dube shi ba. Ya kwance zoben, ya ja alama da bakin allura. Ya buɗe bayan kyamarar, ya manna takarda mai man gyaɗa daidai inda fim ke kwanciya, don hoto ya bayyana a kanta. Ya auna igiya ƙafa goma, ya roƙi Tasalla ta riƙe bakin igiyar ta tsaya cikin rana. Ya tsayar da zoben a kan lamba goma, ya danne idon kyamarar a buɗe, ya lulluɓa da baƙin zane.

Mashiga ta farko, dishi-dishi. Ya kwance. Ta biyu, haka. Ta uku ta kai su azahar. Malam Attahiru yana zaune yana jan carbi, idonsa bai bar hannun yaron ba.

A ta huɗu Kalilu ya daɗe cikin zanen. "Baba, ku zo ku duba."

Tsohon ya sa kai. "Subhanallahi! Ga ta nan, amma kanta ƙasa!"

"Haka kyamara take gani, Baba. In an wanke, shina miƙewa."

Dariya ta kuɓuce wa Tasalla, ta farko cikin kwanaki.

Aka fito da Inna, aka jingina ta da turmi, aka sake auna igiya. Malam ya ce a ba shi ya duba tukuna. Ya shiga zanen, ya daɗe ƙwarai. Da ya fito sai ya juya baya yana gyara rawani.

Kalilu ya sa fim na ƙarshe ya miƙa wa Tasalla. Ta ce hannunta zai yi rawa.

"Bai taɓa yi ba, Ta Inna. Ɗauki."

Shi ya kai fim ɗin Sakkwato da kansa, ya tsaya har aka wanke, ya dawo rana ta uku. Ga Inna nan sosai, har zanen Gobirci da ke kumatunta, har ɗan murmushin da take yi in tana jin kunya.

Malam Attahiru ya riƙe hoton, ya dubi Kalilu ya ce, "Bana sau uku na sake shuka, ban ji kunya ba. Abin kunya shi ne a gaya wa iyali ta tsiro alhali ba ta tsiro ba. Ka faɗi taka da bakinka, ka zauna gabana ka gyara. Tasalla, kina son shi?"

Ta rufe fuska da gyale.

"To ka turo kawunka."

Inna ce ta ce kada a ja lokaci. Aka ɗaura aure ran wata Juma'a, ba kiɗa, ba taro mai yawa. Bawa ya kawo geron da aka yi fura, ya riƙe hannun ango ya ce, "Ƙanwata ce, ka riƙe amana." Takardar Wada, wanda aka aika wa hoton, ta iso a ranar: "Na ga Inna. Ina dubanta safe da yamma. Ku ce ta yafe mini."

Kafin a tafi da amarya, aka kai su gaban gadon Inna suka durƙusa. Ta lalubo hannun Tasalla ta sa cikin na Kalilu.

"Na yafe ma Wada, na yafe muku duka. Allah shi ba ku zaman lafiya, shi ba ku ruwa da hatsi, shi ba ku ɗiya masu jin ƙanku. Auta, tashi ki tafi, kada ki waiwayo."

Kowa ya ce amin. Tasalla ta gane sallama ce Inna take yi da ita, kuma ta bar ta a hannun mutumin da zai gaya mata gaskiya ko da gaskiyar za ta raba shi da abin da yake so.