Karkatacciyar Sigina

Ranar baje kolin shekara na kulob ɗin ƙananan jiragen ƙasa na garinmu, Burrindah, Declan Zammit ya fara ganin Marnie Pascoe, kuma maganar farko da ta haɗa su zagi ce.

Shekara ashirin da biyu ina dafa wa 'yan kulob ɗin nan shayi, don haka na san su ciki da waje. Tsofaffi ne masu furfura har cikin kunne, da za su wuni suna musu a kan rabin milimita, amma ka tambayi ɗayansu ranar haihuwar matarsa sai ya hau sosa ƙeya. Abin taƙamarsu wani dogon teburi ne da suka gina tsohuwar tashar garin a kansa, komai an rage girmansa sau tamanin da bakwai. A bakin layin dogon akwai siginoni irin na da, masu ɗan hannu mai launin ja, in ya miƙe a kwance jirgi ya tsaya, in ya sauka ya wuce. Kowacce ba ta fi yatsa tsawo ba. Marnie da mahaifinta Des ne ke ƙera su da hannu, da tagulla da dalma.

Ranar baje koli ana ba baƙi dama su tuƙa. Aka miƙa wa Declan abin tuƙi, shi kuwa idonsa na kan yarinyar da ke jan ƙananan libobi, wato sandunan da ke motsa siginonin, a can ƙarshen teburi. Jirginsa ya keta jan hannu ya wuce abinsa.

Marnie ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, makaho ne kai? Sigina a kwance, ka wuce kamar gonar ubanka."

"Yi haƙuri," in ji shi. "Wata danja nake kallo, ta fi wannan ja."

"To ka kalle ta daga bakin tukunyar shayi. Dokarmu ce, wanda ya keta sigina shi ke wanke kofuna."

Kofi arba'in da ɗaya ya wanke mini ran nan yana murmushi kamar wawa. Kafin ya tafi ya samu lambarta, ni na ba shi, ba na kuma nadama.

Da yamma saƙonsa ya shiga wayarta: "Danjata, makahon nan ne. In na zo Asabar mai zuwa, za a saukar mini da hannu ko a kwance zan same shi?"

Ta amsa: "A kwance. Amma ka zo. Akwai kofuna."

Wata huɗu yana tuƙo mota awa biyu daga birnin Melbourne kowace Asabar. Su zauna a bayan zauren suna cin sosej cikin burodi, tana nuna masa yadda ake lanƙwasa wayar tagulla ta zama tsanin sigina, shi yana kallon yatsunta ba tsanin ba. Tana sonsa, kowa ya gani, duk da dai bakinta bai daina yi masa tsiya ba.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Brendan Foyle, sakataren kulob, saurayi ɗan shekara talatin da biyar mai halin ɗan saba'in. Ya daɗe yana ganin Marnie tasa ce, ba don ya taɓa furta mata ba, sai don yana gyara wa Des kwamfuta. Brendan ya shiga tone-tone, ya kuwa samo abin da yake nema.

Des Pascoe ya yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin siginar tasharmu ta gaske, yana jan libobi, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar zai ji cewa bai taɓa yin kuskure ko sau ɗaya ba. Shekara uku da suka wuce aka rufe ɗakin, aka turo 'yan kwangila suka sare siginonin aka kafa fitilu. Tun ran nan Des ba ya bi ta hanyar tasha. To hoton ranar saran Brendan ya ɗora a kan teburi gaban kowa. Ga babbar siginar bakin tasha, mai lamba goma sha huɗu, kwance cikin ciyawa, ga Declan tsaye a kanta da rigar aiki, riƙe da injin yankan ƙarfe.

Des bai ɗaga murya ba. Ya kalli Declan kamar yadda ake kallon abin da aka tako da takalmi. "Ashe mahauci muke ba wa shayi. Ɗauki hularka, yaro."

Marnie ta juya wa Declan baya.

Kwana tara yana turo saƙo ba amsa. Na goma ya ce: "Danjata, ni na sare ta, ba ƙarya. Aikina ne, kuma tsoro ya hana ni gaya miki. Amma ana gobe za a sare ta na zo ni kaɗai na auna ta tun daga ƙasa har ƙoli, don na ga ba wanda ya damu ya yi. Littafin awon na wurina. Abin da ya kawo ni baje kolinku ke nan, in ba ku shi, sai na gan ki na manta."

Sai da ta sha kukanta a kicin ɗina kafin ta rubuta: "Kai ba ƙaramin sakarai ba ne. Zo da littafin."

Suka shirya, amma ta faɗa masa gaskiya. Ita kaɗai Des ke da ita tun rasuwar mahaifiyarta, kuma ba za ta shiga coci da farar riga ubanta na zaune a gida ba. In Baba bai riƙo hannunta ya kai ta ba, babu aure.

"To me zan yi?" in ji Declan.

"Ka ga gurbin can da ba komai a bakin tashar teburi? Wurin lamba goma sha huɗu ne. Baba ya ƙera duk sauran, ita ce kullum yake cewa sai wata shekara. Ka ƙera ta da hannunka. Zan nuna maka, amma ba zan taɓa ba."

Mako bakwai ya yi a kanta. Ya ƙone yatsu, ya ɓata tagulla, ya narkar da tsani uku. Ranar da ya gama ya kawo mata, ta juya ta a tafin hannu, sai fuskarta ta canza.

"Makahona, a karkace take. Ga kuma wata lotsawa a gindin turken. Miƙar da ita kafin Asabar."

"Haka take."

"Haka ka yi ta dai. Mutanen can dariya za su yi maka har su faɗi daga kujera."

"Na saki igiyar magina daga ƙolin ta gasken, Marnie. Ta kauce da kusan taƙi guda. Abin da na auna shi na ƙera."

"Don Allah, saboda ni."

"Saboda ke ne ba zan kai wa babanki ƙarya ba."

Ta yi fushi, ta ce masa mai taurin kan tsiya, ta kuma riƙe ƙonannun yatsunsa tana hura musu iska.

A kulob ɗinmu ba abin da ke hawa teburi sai Des ya duba shi da gilashin ƙara girma. Brendan ya ji labari, sai shi ma ya zo da tasa lamba goma sha huɗun ran Asabar. Ya samo tsohon zanen hukuma, ya ba injin kwamfuta ya fitar masa da ita da roba, miƙaƙƙiya sumul, hannunsa bai ko yi datti ba. Aka jera biyun a kan farin ƙyalle.

Dariyar da Marnie ta faɗa kuwa an yi ta. Wani tsoho da haƙoransa ke kwana a kofi ya ce siginar ta sha giya. Wani ya ce da ma wanda ya iya sara ina zai iya gini. Brendan ya baje zanensa yana buga shi da yatsa.

"Ga takarda, Des. Miƙe take kamar yadda aka kafa ta. Wannan abokin namu ko ma'auni bai iya riƙewa ba."

Marnie ta sunkuyar da kai, kunnuwanta sun yi ja. Declan na tsaye da littafinsa a hannu, ba wanda ya nemi gani.

Des ya ɗauki ta robar, ya duba, ya ajiye. Ya ɗauki ta tagullar. Ya daɗe gilashinsa na kan gindin turken, har dariya ta mutu da kanta. Da ya ce tir, da magana ta ƙare, Declan ya koma Melbourne, shi kuma ya ci gaba da zama mutumin da bai taɓa kuskure ba.

"Wannan lotsawar," in ji shi a hankali, "ka gan ta da idonka?"

"Na gani, Mista Pascoe. Wajen layi take, an shafe ta da fenti mai kauri."

"Ni na shafa fentin." Ya cire gilashin daga idonsa. "Shekarata ta huɗu a ɗakin sigina, na ja libar da ba ita ba. Taragon alkama ya sauka daga layi ya doki turken. Ni da direban muka rufe maganar, shi ya mutu da ita. Shekara ashirin da bakwai ina kallon karkatar nan ta taga kullum safiya. Ku kuma da kuke dariya, kun bi ta ƙarƙashinta sau dubu, ba wanda ya taɓa ɗaga kai."

Tsofaffin nan masu gane rabin milimita a abin wasa, ga shi taƙi guda ya wuce su a abin gaske. Brendan ya fara naɗe zanensa a hankali.

"Baba," in ji Marnie, "shi ya sa ka ƙi ƙera ta?"

"In na yi ta miƙe na yi ƙarya, in na yi ta karkace a tambaye ni." Ya juya ga Declan, rainin ya dawo fuskarsa, amma rabi kawai. "Liƙinka kamar kashin kaza. Tsanin nan kuma abin kunya ne."

"Na sani, Mista Pascoe."

"Des ake ce mini. Riƙe mini fitila."

Da hannunsa Des ya kafa ta a gurbinta. Marnie ta ja libar, ɗan jan hannun ya sauka, hawaye na bin kumatunta tana dariya.

A watan Nuwamba aka ɗaura auren a cocin garin. Des ya sa kwat ɗin da ta matse shi, ya riƙo hannun 'yarsa tun daga ƙofa har gaban limamin cocin, yana tafe a miƙe kamar mai jin haushin kowa. Da aka tambayi wa ya ba da wannan yarinya, ya ce shi ne, sannan ya juya ya damƙi kafaɗar ango.

"Na ba ka ita da zuciya ɗaya, ɗana. Ka gaya mata gaskiya kullum, ko da ba ta so. Ni shekara ashirin da bakwai ban gaya wa uwarta tawa ba, kuma yanzu ba dama."

Declan ya tsaya yana kallon Des. Marnie ta kama hannunsa ta matse, ta ce a hankali, "Ka ce amin mana, sakarai."

Ya ce amin, mu ma muka ce. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kuma sa 'ya'yan su ɗauko idon ubansu da hannun uwarsu.