Tulun Ajuma a Cikin Gilashi

Ranar da dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan Mushe Is'haƙa, rana ta riga ta faɗa bayan garin Dogon Dutsi, amma ladan bai kira magariba ba tukuna. Mas'uda, matar gidan, tana kwashe tuwo. Shatu, yayar Mushe, wadda ta dawo wurinsu da zama tun rasuwar mijinta, tana ɗaure awaki. Shi kuwa maigidan, wanda ake ce wa Mushe kamar kowane malamin boko a garin, yana kan kujerarsa da jan biro a hannu, yana gyaran takardun 'yan ajinsa.

Ƙarar ta zo sau ɗaya, mai nauyi, dutsen ya gangaro ya tsaya kusa da murhu. Awaki suka yi tsit. Kafin wani ya buɗe baki na biyu ya sauka, sai na uku. Mushe ya zura takalmi ya fita da niyyar ya kama kunnen ɗan wani, ya duba lungun gabas da yamma, babu ko kaza. Da ya dawo sai ya tarar da 'yarsa Fadila, mai shekara goma sha biyar, tsaye a tsakiyar gida, hannuwa a saluɓe, ido a buɗe. Uwarta ta kira sunanta har sau uku ba ta amsa ba. Ƙuda ya sauka a gefen idonta, ya yi yawonsa, ya tashi, ba ta ƙifta ba.

Daga wannan maraice Fadila ba ta sake rufe ido ba. Da rana tana ci kaɗan, tana magana kaɗan, in an kwantar da ita ta kwanta, idon dai yana nan a buɗe. Da rana ta yi ja sai duwatsu su fara, ita kuma ta miƙe ta koma wurin nan ta tsaya ƙiƙam. Likita ya ba da maganin ɗigawa, ya ja Mushe gefe ya faɗa masa gaskiya: idon da ba ya rufuwa bushewa yake yi, in aka ƙara kwanaki a haka yarinyar za ta makance.

To, akwai abin da Mushe ya sani, ya kuma ƙi bari ya shiga lissafinsa. Uwarsu shi da Shatu, Ajuma, mutuniyar wajen ƙauyen Lugu, ta rasu ta bar wani ɗan tulu baƙi mai wuri da jan zare a wuya. A ƙuryar ɗaki yake zaune, lulluɓe da baƙin saƙi, an kifa masa ƙwarya. Ajuma ta gaje shi wurin tata uwar, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kallonsa a buɗe ba. In za ta zuba masa nono, sai ta kau da fuska ta lalubo bakinsa da hannu. Bayan sadakar arba'in Mushe ya ce wa Shatu ya kai abin daji ya binne, gidansa gidan salla ne da boko. Ƙarya yake yi. A kwali ya ɓoye shi a makaranta, har ranar da masu shirya baje kolin kayan gargajiya a wani gidan tarihi na Yamai suka zo neman kayan Arewa, ya ba su aro.

A hutun da ya wuce ya ɗinka babbar riga ta shadda, ya ɗauki Fadila suka tafi buɗe bikin. Sun ga garaya da kwari da baka, sun ga masaƙa, sun sha lemo a bakin kogi. A tsakiyar zauren kuwa ga tulun Ajuma a cikin akwatin gilashi, fitila a kansa, baƙin saƙin an linke shi an shimfiɗa masa a ƙasa, ga 'yar takarda mai sunan Mushe ɓaro-ɓaro. Ya sa aka ɗauke shi hoto a gefensa, bakinsa har kunne. Fadila ta daɗe tana kallon tulun, goshinta a jikin gilashin. A mota ya ce mata kada ya ji zancen a bakin kowa.

Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu yana kama masu satar amsa ba ya yarda dutse ya tashi da kansa. Mushe ya fara da zargin Mushe Rabo, abokin aikinsa, wanda ya ga hoton a salula ya ce madalla da wata irin murya. Ya koma kan maƙwabcin da suka taɓa sa-in-sa a kan magudanar ruwa. Har Mas'uda sai da ya bi da ido, don ya ga tana yawan ƙus-ƙus da mata a bakin famfo. Amma inda zuciyarsa ta fi tsayawa wurin Shatu ne. Ya ƙudurta cewa yarinyar ta yi suɓul da baka, tsohuwar kuma ta haɗa wannan wasa don ta kunyata shi. Ya barbaɗa toka a gindin katanga ko zai ga sawu, bai ga komai ba sai na ƙadangare. Rana ta huɗu ya tattara duwatsun, ya yi wa kowane alama da jan biro, ya kai tsohuwar rijiya bayan gari ya zuba da hannunsa.

Da maraice ya zaunar da Shatu a gabansa.

"Yaya, ki ji tsoron Allah. Wa kinka sa shina jihwar gidana?"

Shatu ta dube shi, hannuwanta biyu cikin ƙwaryar wake tana tsincewa.

"Ni? Is'haƙa, ni da nag goya ka? Ɗiyar ga da ka gani, ni na yanke mata cibi."

Ba ta rufe baki ba dutse ya daki kwano, ya gangaro ya tsaya a ƙafar Mushe. A jiƙe yake, ga jan biron a jikinsa. Tsoro ya kama Mushe irin wanda bai taɓa ji ba, amma da yake shi ne, sai ya fara tunanin wa ya bi shi zuwa rijiya.

Mas'uda ba ta jira ya gama tunani ba. Washegari ta aika garin Kore Mairuwa aka zo da Malam Abdussalamu, dattijo siriri mai magana a hankali. Bayan la'asar ya iso. Ya dubi idon yarinyar, ya yi ja kamar garwashi, babu ɗigon hawaye a ciki. Ya ce a shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, a kawo ruwa a ƙoƙo, kowa ya zauna kada a yi kuka. Ya fara karatu ƙasa-ƙasa.

Inuwa ta cinye tsakar gidan. Iska ta tsaya, ganyen dogon yaro ko motsi. Fadila ta fito ta tsaya a wurinta. Malam ya ɗaga murya, ya yayyafa mata ruwan. Sai yarinyar ta buɗe baki, muryar da ta fito kuwa ta tsohuwa ce, a dishe, a gajiye.

"Bari ƙona ni, Malam. Ba ni na hwara ba."

"Wace ta ke? Mi ya haɗa ki da ɗiyar mutane?"

"Shatu ta san ni. Ajuma ta san ni, uwar Ajuma ta san ni. Shekara ɗari ina ƙuryar ɗaki, ban taɓa ɗan kowa ba."

Shatu ta dafe ƙirji. "Doguwa ta, aljanar gidanmu! Is'haƙa, ba ka ce ka bizne ta ba?"

Mushe ya sunkuyar da kai.

"Da ya bizne ni da ya yi mini alheri," in ji muryar. "Ƙasa sutura ta. Amma ya kai ni birni, anka tuɓe mini zane, anka shimhiɗa shi ƙarƙashina, anka kunna mini wuta bisa kai. Maza su dube ni, yara su dube ni, baƙi su ɗauke ni hoto. Ajuma da kanta ba ta taɓa ganina ba. Ɗiyar ga tad dube ni har nag gaji, ni ko nab bi idon nata naz zo gida. Tunda ba a bar ni na ruhe ba, ita ma ba ta ruhewa."

Malam ya juya ya dubi Mushe, kallon da ya fi zagi ciwo. Ya koma ga yarinyar.

"An zalunce ki, na ji. Amma ɗiyar ga ba ita tak kai ki ba. Hita."

"A ba ni ita ta riƙe ni kamar kakarta."

"Ba ki samu."

"To a yanka mini baƙar akuya."

"Ba a zubda jini don ke a gabana. Hwaɗi abin da Musulmi ka iya yi miki."

Daga nesa ladan ya fara kiran salla, jikin Fadila ya ɗauki rawa.

"A ruhe ni," muryar ta ce, yanzu kamar mai roƙo. "Shi da yat tuɓe ni, shi ruhe ni da hannunai. Jihwa na bari, jikinta na bari, amma idon yana hannuna. In rana ta hwaɗi gobe ina tsirara, kada ku neme shi."

Malam ya sa Mushe ya goge hoton da ke salularsa a gaban kowa. Ya ci gaba da karatu har Fadila ta yi atishawa sau uku ta sulale, uwarta ta tare ta. Fadila ta kira uwar da muryarta ta yarinya, ta ce tana jin ƙishirwa. Duwatsu ba su ƙara faɗowa ba. Idon dai yana nan a buɗe.

Da sassafe Mushe ya hau motar Yamai, sanye da babbar rigar nan ta shadda, wai don a san da wa ake magana. Ko a cikin motar bai daina halinsa ba, yana ta auna ko Malam da Shatu sun haɗa baki ne. Sai fuskar Fadila ta faɗo masa, yadda ta bi shi da jajayen idanu har bakin ƙofa, ya ji kunya ta rufe shi. Motar ta lalace bayan Doso, aka yi sa'o'i ana gyara. Bai shiga zauren ba sai da rana ta yi ƙasa sosai, saura kaɗan a rufe.

Zauren cike yake da 'yan makaranta da aka kawo yawon buɗe ido, da wasu baƙi masu manyan kyamarori. Madam Sa'adatu, wadda ta karɓi tulun a hannunsa tun farko, ta tarbe shi da fara'a. Ya ce a buɗe akwatin yanzu. Ta ba shi haƙuri, ta ce ba a buɗe akwati sai an yi takarda shugaba ya sa hannu, shugaban kuma sai Litinin. Ya ce to a kashe fitilar. Ta ce makunni ɗaya ne na zauren duka, ga mutane a ciki. Ta tambaye shi ko lafiya. Mushe ya buɗe baki zai yi mata bayani da Faransanci mai kyau, ya rasa ta inda zai fara.

Ta taga ya hango rana ta zama ja a kan kogi. Ya dubi akwatin. Yara sun kewaye shi, goshinsu a jikin gilashi, tulun yana tsakiya ƙarƙashin fitila, ɗan ƙarami, baƙin saƙinsa a ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Bai taɓa ganin ƙanƙantarsa ba sai yau.

Ya ture yaran a hankali. Ya cire hula, ya tuɓe babbar rigar ta kansa, ya yafa wa akwatin. Ta rufe sama da gefe uku, har da 'yar takardar mai sunansa. Gefe ɗaya ya rage. Ya tuɓe ta cikin ma ya toshe shi. Ya rage daga shi sai wando da wata tsohuwar singileti mai huji a kafaɗa, wadda ko a tsakar gida ba ya yarda a gan shi da ita.

Yara suka fashe da dariya. Malamarsu ta tsawata musu, ita ma tana danne tata. Wayoyi suka ɗaga sama, fitilunsu suna walƙiya a kan tumbinsa da furfurar ƙirjinsa. Mai gadi ya taho da sauri, Madam Sa'adatu ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Mushe Is'haƙa, wanda in ya shiga aji ko tari ba a yi, ya ji idanu suna bin jikinsa ta ko'ina, ya so ƙasa ta tsage ya shige. Minti biyu kawai ya yi a haka, ya tuna tulun ya yi mako uku.

Salularsa ta yi ƙara a aljihun wando. Mas'uda ce, tana magana da raɗa.

"Maigida, ta ruhe. Ta ruhe ido, hawaye na zuba. Ga ta nan bisa cinyar Yaya tana kwana."

Ya mayar da wayar, ya kama gefen rigar da hannu biyu kada ta zame, ya kau da fuskarsa daga akwatin yadda uwarsa take yi. Ya tsaya a nan ya bar su suna kallonsa har suka gaji.