Ruwan Da Ban Surka Ba

Aikin ba wani babba ba ne. Bokiti uku na ruwa zan zubar a bayan gini, in koma ciki.

Sunana Muktar. Ni ne mai kula da sanyi a wata cibiyar ajiyar bayanai da ke GRA. Tsohon gidan Turawa ne aka gyara, aka jera akwatunan ƙarfe goma sha biyu a ciki, kowanne ya fi mutum tsawo, cike da kwamfutoci masu aiki ba hutu. Rak muke ce musu. Zafin da suke fitarwa ya fi ƙarfin esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, don haka ruwa ne ke zagaya su ta bututu, ya shiga da sanyi ya fito da zafi. In sanyin ya yanke, cikin 'yan mintuna za su soye, aikina ya bi su. Da aikin nan nake riƙe matata Rukayya da 'yarmu Ummi mai shekara biyu, a ɗaki biyu a unguwar Yelwa.

A lokacin ba na ganin kowa da gashi. Manajanmu, Mista Paul, abin da ya iya shi ne ɗaura nakatai da kai baƙi su ɗauki hoto gaban shuɗayen fitilu. Mai gadi kuwa, tsoho Hammajoda, wanda ubansa ya yi wa Turawa kuku a gidan, ina yi masa kallon tsohuwar kujerar da aka manta ba a fitar ba.

Ran nan famfo ɗaya ya toshe bayan la'asar. Na kunna na biyu, amma ruwan da ya tsaya a layin farko ya yi zafin da ba a iya taɓa bututun. Dole in tsiyaye shi kafin in wanke matacin. Kowa ya tashi daga aiki. Ana fara kiran magariba na fito da bokitin farko yana tururi, na nufi tsohuwar kwatar da ke bayan kicin ɗin Turawa.

Hammajoda yana tsugune da butarsa.

"Injiniya, surka shi tukuna," ya ce a hankali. "Magariba ce. Masu gida suna fitowa da yara shan iska a bakin kwatan nan."

"Baffa, masu gida suna Abuja."

"To ko bisimilla ka yi."

"Shekara biyar na yi a jami'a ina karatun zafi da sanyi," na ce masa. "Ba a koya mini surka wa kwata ruwa ba."

Na sheƙa na farko. Na sheƙa na biyu. A na uku har da ɗaga bokitin sama, don dai tsohon ya gani da kyau.

Wani abu ya yi ƙara daga cikin tururin, siririya, kamar an taka ɗan kyanwa. Sai ƙaurin gashi. Hammajoda ya ajiye butar, bai ƙarasa alwala ba, ya kwashi takalmansa a hannu ya yi waje. Na yi tsaki na koma ciki.

Ba a shiga ɗakin rak da waya, sai na jefa tawa a loka, na ɗora yatsa a na'urar tantancewa, ƙofar ta buɗe ta rufe a bayana. Allon bango ya nuna digiri ashirin da bakwai. Ban ƙarasa goge hannuna ba ya koma talatin da ɗaya. Na duba famfo, lafiya lau. Injin sanyaya ruwa, lafiya lau. Sanyi yana tasowa daga can, amma ba ya isowa nan. Fankokin kwamfutocin suka ƙara gudu, kukansu ya hau sama.

Ƙaurin nan ya biyo ni har ciki.

A ƙasa akwai sawu jiƙaƙƙu, dogaye, suna shiga lungun da ke tsakanin layin rak biyu. Na bi su.

Wata mata ce zaune a ƙarshen lungun. A zaunen ma kanta ya kai saman rak, har sai da ta lanƙwasa wuya. Tsohon zanen saƙi ne a jikinta. Fitilun sun haske komai, ban da fuskarta. Ta ɗaga murfin daɓe, ta manna wani ɗan yaro da babban bututun ruwan sanyi. Fatar ƙafarsa ta saluɓe tun daga gwiwa. Ba ya kuka, sai numfashi sama-sama.

"Kai ne mai ilimin?" ta ce. Raɗa ta yi, amma ta fi fankokin fitowa.

Na juya da gudu, na danna yatsa a ƙofa. Fitilar ta nuna ja. Na sake. Ja.

"Sanyin bai ishe shi ba. Ƙarafan nan naka suna shanyewa. Kashe su."

"Inna, za a kore ni," na ce. Abin da ya fito daga bakina ke nan, ni mai ilimi.

Talatin da takwas.

"Rukayya ta ɗora ruwan wanka," ta ce. "Tukunyar ba ta zauna daidai ba. Ummi tana wasa a gindinta. Jar riga gare ta."

Ni na sa mata rigar da safe.

"Ya fara tafasa."

Hannunta ɗaya yana riƙe da yaron. Ɗayan ta miƙa shi cikin duhun da ke bayan rak, yana ta tafiya, bai ƙare ba. Daga can na ji kwanon rufin gidanmu yana ƙara, na ji muryar Rukayya tana cewa, "Ummi, matsa!"

Akwai jan maɓalli a bango, cikin gilashi, wanda ke kashe rak duka a take. Mista Paul ya manna takarda a kai da manyan baƙaƙe cewa kada kowa ya taɓa.

Na kai masa naushi.

Shiru.

Ban taɓa jin ɗakin nan shiru ba. Famfo kaɗai ke gunji a ƙasa, yana tura sanyin gaba ɗaya wurin yaron. Bututun ya yi fari. Numfashina ya zama hayaƙi. Jinin da ke yatsuna ya daskare. Na zube a ƙasa.

Yaron ya yi atishawa, sannan ya fashe da kuka.

Ta janyo dogon hannun, ta goya shi. Ta sunkuyo har sanyin bakinta ya taɓa kunnena.

"Shekara biyar," ta ce, ta yi tsaki.

Hammajoda ne ya ja ni waje ta ƙafa, shi da mutum biyu daga masallaci. 

Ranar Litinin aka kore ni. Mista Paul ya rubuta shafi huɗu a kan gangancin ma'aikaci, bai iya rubuta sunan famfon daidai ba ko sau ɗaya. Yanzu gyaran firji nake yi a bakin kasuwar Muda Lawal, ko ruwan shayi ne ya rage sai na surka kafin in zubar. Ban yi gardamar korar ba, saboda abin da na tarar a gida a daren da abin ya faru.

Rukayya na zaune a tsakar gida, ta ƙanƙame Ummi. Tukunya a kife, gas a kunne, jar rigar sharkaf da ruwa.

"Baban Ummi, a kanta ya kife gaba ɗaya," ta ce. "Wallahi yana tafasa, da idona na gani."

Na cire rigar, na dudduba yarinyar ciki da bai. Ko ja fatarta ba ta yi ba. Haƙoranta ne kawai ke haɗuwa.

Na ɗaga tukunyar. Akwai ƙanƙara manne a gindinta.