Littafin da Ya Bar Kanta ta 913

Ranar Talata da safe aka kira Insifekta Kuramoto ɗakin karatun garin. An ɓalle makullin kabad a bene, an ɗauke littafi guda: rubutun hannun wata marigayiya a kan ruftawar ramin kwal, shekara sittin baya. Babu kwafinsa ko'ina. An ba shugabar ɗakin, Malama Shiraishi, kwana uku ta fito da shi ko ta ajiye aiki.

"Ina mazauninsa?" in ji Insifekta.

Malama ta ce, "913, yallaɓai. Ɗari tara adabi ne, ƙarƙashinsa 910 adabin Japan, ƙarƙashin wannan kuma 913, ƙagaggun labarai. Kowane littafi da gidansa."

Ya duba kantar 913 a cikin kabad ɗin, bai ga gurbi ba. An matso da sauran littattafan, an daidaita bayansu cif.

"Ɓarawo mai tsafta," ya ce a hankali.

Ƙararrawar ƙofa ma, mai kuka idan an fita da littafi, ba ta yi kuka ba. Ke nan littafin bai fita ba.

A ƙasa ya tarar da tsoho Tsurumi, wanda ya yi shekara arba'in yana aiki a nan kafin ya yi ritaya. Insifekta ya zube littattafai uku a karkace gabansa.

"Baba, jiya ka hau sama?"

"Da waɗannan gwiwoyin? Jarida kawai nake karantawa."

Yana magana, hannunsa yana jera littattafan, yana daidaita bayansu cif.

Insifekta ya juya ga Malama. "Idan labari ba ƙage ba ne, ina gidansa?"

"210, tarihin Japan."

Can suka same shi, da sabuwar lamba a kyakkyawan rubutu.

Tsoho ya dubi littafin, ya fara bayani.

"Mahaifiyata ce ta rubuta shi. Sunan mahaifina yana shafi na tara, cikin waɗanda ba a tono ba. Sau uku na rubuta wa kwamitin ɗakin nan a mayar da shi cikin tarihi, suka ce tunda babu takardar hukuma, ƙage ne."

"Saura kaɗan ka raba Malama da aikinta," in ji Insifekta.

Tsohon ya sunkuya mata sosai. "Ki yafe mini, 'yata."

Malama ta miƙa hannu ga littafin. "A mayar da shi 913, yallaɓai?"

"Shaida ce," in ji Insifekta. "Kada kowa ya motsa ta daga inda aka same ta."

Ya riƙe hannun tsohon, suka nufi mota, taku ɗaya bayan ɗaya.