Fasfon Auta a Aljihun Yaya

Auta na durƙushe a ɗakin Mama tana ninke kayan jaririyarta cikin akwati, sai ga Yaya Babba ya ɗaga labule, ko sallamar bai ƙarasa ba.

"Ina fasfonki?"

Ta miƙa masa da hannu biyu, a zatonta dubawa zai yi. Sai ya zura shi a aljihun gaban riga.

"Ba inda za ki! Mahaifinmu ya rasu, na kusa da na nesa kowa ya tako, amma mijinki ya fi ƙarfin zuwa? Ta waya ake yi wa surukai ta'aziyya? In yana son matarsa, ya zo da ƙafarsa ya ɗauka."

"Yaya, don Allah ka saurare ni..."

"Na gama magana!"

Auta ta zube a kan akwatin ta fashe da kuka. Mijinta, wanda duk gidan ke kira Injiniya, gyaran na'urorin asibiti yake yi a wata ƙasa mai nisa, da bizar aiki ta wucin gadi. Rasuwar ta zo daidai lokacin da asibitin ya shigar masa da neman sabuntawa, lauya kuma ya ja masa kunne: in ya fita daga ƙasar kafin amsa ta zo, neman ya rushe, ba kuma za a bar shi ya sake shiga ba. Shi ya sa ya turo ta ita da 'yarsu. Ga shi tata bizar ma ta kusa ƙarewa. In ta wuce ranar, sai ta koma layin ofishin jakadanci, jiran da ba wanda ya san ƙarshensa.

Da la'asar ta lallaɓa kicin ta kira mijinta ta bidiyo. Yana ganin idanunta ya ajiye sukudirebar da ke hannunsa.

"Wa ya taɓa min ke?"

Ta zayyana masa komai. Ya share fuska da hannun rigar aiki.

"Yaya yana da gaskiyarsa. Baba ya ba ni ke bai tambaye ni abin da na mallaka ba, ga shi ko kabarinsa ban gani ba. Gobe zan yanki tikiti."

"Aikin fa? Ka san in ka fito shi ke nan!"

"Aiki ya tafi. Ba zan zauna a ce na raina gidanku ba."

"Wallahi ban yarda ba! Don Allah, kar ka yi min haka..."

"Miƙo min wayar nan."

Mama ce tsaye a bakin ƙofa da carbi a hannu. Tun rasuwar ba a ji ta ɗaga murya ba sai yau. Ta aika aka kira Yaya Babba, ta riƙe wayar nesa da fuska yadda ta saba.

"Ɗan nan, ni ban san biza ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. In ka fito, ƙofa ta rufe?"

"Ta rufe, Mama."

"To ban yafe ba in ka taso. Gaisuwarka ta iso, na karɓa, ni ce matar mamacin ai." Ta juya. "Kai kuma Babba, mutum ya yarda ya zubar da abincinsa don ya wanke fushinka, me ya rage kake nema? Ka raba shi da aiki, ka raba shi da iyali, sannan mahaifinku ya tashi?"

Yaya Babba ya sunkuyar da kai. Can ya zaro fasfon ya ajiye a kan murfin tukunya.

"Ni dai zafin rashin Baba ne," ya ce.

Shi da kansa ya kai ta filin jirgi, yana ta mitar nauyin akwatinta. Da ta sauka a ƙasar da mijinta yake, jami'in shige da fice ya daɗe yana juya fasfon, ya tambayi shaidar aikin mijinta, ta nuna. Ƙarar hatimin nan da ta ji, sai da ta ce alhamdulillahi a fili har na bayanta ya yi dariya.

Watanni suka shuɗe kafin sabuntawar ta fito. Ranar da ta fito Injiniya ya nemi hutu, suka taho su uku. Bai ko sha ruwa ba ya durƙusa gaban Mama, daga nan Yaya Babba ya kama hannunsa suka nufi maƙabarta. Auta ta leƙa ta taga, ta hango su suna dawowa kafaɗa da kafaɗa, Yaya na share ido. Ta kwantar da kai a cinyar Mama.

"Mama, da me zan saka miki?"

"Ki riƙe mijinki. Kuma ki koya wa 'yarki, wanda bai zo ba a tambaye shi abin da ya tsare shi kafin a yanke masa hukunci. Haƙurin da kuka yi ne ya kawo ku yau."